Ƙaramin jirgin sama ko jirgin fito: wanne za ka hau tsakanin tsibirai?

Tsakanin tsibirin Tahiti da maƙwabcinsa Moorea, a kudancin tekun Pasifik, akwai ruwa mai faɗin kimanin kilomita 17. Jirgin fito yana ƙetare shi cikin rabin awa zuwa minti 45. A da akwai ƙananan jiragen sama da ke yin tafiyar cikin minti bakwai, suna kai da kawo duk yini kamar motar haya. Ranar 9 ga Agusta, 2007, wani jirgin kamfanin Air Moorea ƙirar Twin Otter ya tashi daga Moorea da fasinja 19 da matuƙi ɗaya. Bai jima da barin ƙasa ba ya sunkuyar da hanci ya afka teku, kuma babu wanda ya fita da rai. Duk wanda ya ji labarin a ranar zai ce gara mutum ya haƙura ya bi ruwa. Shekara biyu bayan haka, a daren 5 ga Agusta, 2009, jirgin fito mai suna Princess Ashika ya nutse a tsakanin tsibiran Tonga, a wannan tekun dai, mutum 74 suka rasu. Mata da yaran da ke cikinsa babu wanda ya tsira, domin suna kwance a ɗakin ciki lokacin da ruwa ya ci jirgin.

Na haɗa labaran nan biyu ne don mai karatu ya ga cewa tsoro kaɗai ba zai zaɓa masa hanya ba. Wanda ya guji sama yana iya faɗawa hannun ruɓaɓɓen jirgin ruwa, wanda ya guji ruwa yana iya hawa jirgin saman da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa. Idan aka bi rahotannin binciken irin waɗannan hatsarurruka, abubuwa kaɗan ne ke ta maimaita kansu: lodi ya yi yawa, gyara ya yi rauni, an tashi cikin yanayin da bai kamata ba, ko kuma wanda ke tuƙin ba shi da izinin ɗaukar fasinja tun farko. Uku daga cikin huɗun nan fasinja yana iya gane su kafin ya hau. Shi ya sa nake ganin kwatancen da ya fi amfani shi ne na hanyoyi huɗu: jirgin sama mai jadawali, jirgin shata mai lasisi, jirgin wani da ke yin kabu-kabu a ɓoye, sai jirgin fito.

Kafin nan, a fahimci dalilin da ya sa ƙananan jirage suka mamaye wannan aiki. Titin jirgin tsibirin Saba, a yankin Karibiyan, mita 400 ne kacal, kuma kowane ƙarshensa gangare ne zuwa teku. A tsibirin Barra na Skotland a kan rairayin bakin teku jirgi ke sauka, sai ruwa ya janye ake samun fili. Tsakanin Westray da Papa Westray a tsibiran Orkney tafiyar kilomita 2.7 ce, minti ɗaya da rabi, kuma kamfanin Loganair yana yin ta tun 1967. Babban jirgi ba shi da wurin sa ƙafa a irin waɗannan wurare. Jirage uku ne suka fi yin ɗawainiyar: Islander mai ɗaukar fasinja tara, Twin Otter mai ɗaukar 19, dukansu sun fara tashi a 1965, sai Cessna Caravan mai inji ɗaya da ya zo a 1982. Su ne ke kai likita, su kawo wasiƙa da magani, su ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti. Akwai kuma tsibiran da zaɓi bai ma taso ba, irin su Tristan da Cunha, wanda ba shi da filin jirgi, sai tafiyar kusan kwana shida a ruwa daga Cape Town.

Tashi tsakanin tsibirai yana da nasa wahalhalu da ba a samu a kan tudu. Idan inji ya mutu, babu gona ko hanyar mota da za a lallaɓa a sauka. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, gishiri kuwa yana cin ƙarfe a ɓoye. Jirgin da ke tafiyar minti goma yana tashi da sauka sau da yawa a rana, yawan saukar nan yana gajiyar da jikinsa fiye da doguwar tafiya ɗaya. Idan hazo ya rufe tsibirin da aka nufa, filin da ke kusa yana iya kasancewa ya fi ƙarfin man da ya rage. Masu ceto ma suna da nisa.

Jirgi mai jadawali shi na sa a gaba, kuma ina da dalili. Kamfanin da ke sayar da tikiti ga jama'a dole ya riƙe takardar izinin jigila daga hukumar jiragen saman ƙasarsa, ana duba littattafan gyaransa, ana sake gwada matuƙansa lokaci zuwa lokaci, ana ƙayyade awannin da za su yi aiki kafin su huta. A Amurka dokar ta kasu uku: sashe na 121 na manyan kamfanoni, sashe na 135 na shata da ƙananan jiragen jadawali masu kujera tara zuwa ƙasa, sai sashe na 91 na mai tuƙa kansa. Kowane mataki da aka sauko, sharuɗɗa suna raguwa. Sauran ƙasashe sunaye ne suka bambanta, tsarin kusan ɗaya ne. Bayan doka akwai sabo. Matuƙin da ke sauka a tsibiri ɗaya sau huɗu a rana ya san inda iska ke murɗawa a bayan dutse, ya san lokacin da gajimare ke sauka a kan tudu. Baƙon matuƙi bai san wannan ba, komai yawan awanninsa a wani wuri.

Duk da haka jadawali bai hana Air Moorea faɗuwa ba. Masu binciken Faransa sun gano cewa igiyar ƙarfen da ta taso daga hannun matuƙi zuwa wutsiya, wadda ke ɗaga hancin jirgi ko ta sunkuyar da shi, ita ce ta tsinke. An yi ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ya fi jure gishiri amma ya fi saurin cinyewa inda yake gogar wani abu, kuma tsarin dubawar kamfanin bai yi la'akari da wannan ba. Sun kuma nuna cewa iskar da injunan manyan jirage ke fesowa a inda ake ajiye shi a Tahiti tana iya ƙara raunana igiyar. A Disamba 2005 jirgin kamfanin Chalk's da ya tashi daga Miami zuwa tsibirin Bimini, wanda aka ƙera tun 1947, fiffikensa na dama ya ɓalle a sama, mutum 20 suka rasu. Tsagewa ce ta daɗe tana girma a cikin ƙarfen, mai yana ɗiga ana ta liƙe wurin ba tare da an tono tushen ba. A Oktoba 2012 wani Islander na FlyMontserrat ya faɗi yana tashi daga Antigua, mutum uku cikin huɗu suka rasu, saboda ruwan sama ya shiga tankin mai ta murfin da bai dace da bakinsa ba. Wannan ɓangaren gyara shi ne wanda idon fasinja ba ya kaiwa, kuma ba zan ɓoye cewa shi ya fi damuna ba. Abin da mutum zai iya yi shi ne ya binciki sunan kamfanin kafin ya sayi tikiti. Tarayyar Turai tana wallafa jerin kamfanonin da ta hana shiga samaniyarta tun 2006, kuma hukumomin bincike na ƙasashe da dama suna sakin rahotanninsu a intanet kyauta. Kamfanin da sunansa ya fito sau biyu ko uku kan laifi iri ɗaya ya riga ya gaya maka halinsa.

Akwai abin da ido ke gani kuwa, kuma shi ne sikeli. A nan zan ɗan daɗe, don mutane da yawa suna jin haushi idan aka ce su hau sikeli da jakarsu, wasu ma suna rage nauyinsu idan baki aka tambaya. A babban jirgi mai ɗaukar mutum ɗari uku ƙiyasi yana isa, domin mai ƙiba da siriri suna cike wa juna. A jirgi mai kujera tara, mutum uku masu jiki da akwatuna biyu sun isa su canza lissafin gaba ɗaya. Wurin zaman ma yana da tasiri, idan nauyi ya taru a baya hanci yana ɗagawa fiye da kima har fiffike ya daina riƙe iska. Saboda haka idan matuƙi ya ce ka koma kujerar gaba, ko ya raba ka da abokin tafiyarka, ka tashi kawai.

Ranar 22 ga Oktoba, 2009, wani Islander na Divi Divi Air ya tashi daga Curaçao zuwa Bonaire, a yankin Karibiyan, da fasinja tara. Injin dama ya mutu a hanya. A ƙa'ida ɗayan injin ya kamata ya riƙe jirgin, amma ya yi ta raguwa a hankali har matuƙin, Robert Mansell, ya saukar da shi a kan ruwa dab da Bonaire. Fasinjojin tara duka sun fita, wani kwale-kwale ya kwashe su. Shi kuwa ya ji rauni ya suma, suka kasa ciro shi, ya tafi da jirgin. Hukumar binciken Holan ta gano jirgin ya wuce nauyin da aka yarje masa, kuma kamfanin yana lissafa kowane fasinja da wani adadi guda wanda ya gaza ainihin nauyin mutanen da yake ɗauka. Mutumin ya yi saukar da ta ceci rai tara, kuskuren lissafin da aka saba da shi a ofis ya ci nasa. Irin wannan ne ya faru a Marsh Harbour na Bahamas ranar 25 ga Agusta, 2001, inda mawaƙiya Aaliyah da mutum takwas suka rasu a jirgin shata ƙirar Cessna 402. Lodin ya zarce da kimanin kilo 320, mutanen sun fi kujerun da aka amince da su da ɗaya, matuƙin kuma ba ya cikin waɗanda aka yarda su tuƙa wa kamfanin wannan jirgi. Ni a wurina, kamfanin da ya auna ni ya auna kayana ya riga ya ci rabin jarrabawa. Wanda ya kalle ni kawai ya ce in shiga, ina da dalilin ja da baya.

Wannan ya kawo mu ga shata. Jirgin shata mai lasisi halastacce ne, kuma sau da yawa shi kaɗai ne hanyar zuwa tsibirin da babu jadawali, ko hanyar fitar da mara lafiya cikin gaggawa. Yana ba ka lokacin da kake so da hanyar da kake so. Rauninsa yana cikin wannan daɗin nasa. A jirgin jadawali idan an soke tashi, kamfani ne ya soke, fasinja sai dai ya yi gunaguni. A shata kuwa wanda ya biya kuɗi yana tsaye a gaban matuƙi, yana duba agogo, yana cewa kayan nan dole su tafi, taron nan dole a same shi. Matuƙi matashi da ke tara awanni don samun babban aiki yana jin nauyin cewa a'a. Idan kai ne mai shatar, babbar gudummawarka ita ce ka gaya masa tun a ƙasa cewa in ya ga bai yi ba, ba ka da matsala a kwana. Ka kuma tambayi ofishinsu kai tsaye: kuna da takardar izinin jigilar fasinja, kuma wannan jirgin yana cikinta? Kamfanin kirki ba ya jin zafin tambayar, wasu ma sun rataye takardar a bango.

Na uku shi ne wanda nake roƙon mai karatu ya guje masa ko da kyauta ne. Wani yana da jirgi, ko ya san mai jirgi, za a kai ka a kan kuɗi kaɗan, babu tikiti babu rasit. Kabu-kabu ke nan, sai dai a sama. Ɗan ƙwallon Ajantina Emiliano Sala ya hau irinsa a daren 21 ga Janairu, 2019, daga Nantes zuwa Cardiff, jirgin ya faɗa teku a arewacin tsibirin Guernsey. Matuƙin lasisin tuƙa kai yake da shi, ba na ɗaukar fasinja da kuɗi ba, kuma ba shi da izinin tashin dare. An sami hayaƙi mai guba marar wari, irin na salansa, da yawa a jinin Sala, alamar yana shiga ɗakin jirgin. A 2021 kotun Birtaniya ta ɗaure wanda ya shirya tafiyar wata 18. Jirgin kabu-kabu ba ya bin jadawalin gyaran jiragen haya, babu mai duba awannin matuƙinsa, kuma inshorarsa takan faɗi da zarar an gano an karɓi kuɗi, iyalan mamaci su rasa inda za su dafa. Araha ba ta ado, a nan kuwa abin da ake saye da arahar rai ne.

Tambayar da aka fi yi mini idan hira ta zo nan ita ce ta inji: ɗaya ko biyu? Hankali yana cewa biyu, kuma a kan teku ni ma na fi son biyu, amma da sharaɗi. Ƙaramin jirgi mai inji biyu idan ya rasa ɗaya, rabin ƙarfinsa ne ya tafi, amma ikon hawansa sama yana raguwa da kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma injin da ya rage yana jan jirgin gefe guda. Idan lodi ya yi daidai kuma matuƙi ya ƙware, za a kai tudu. Idan lodi ya wuce, labarin Bonaire ne. Idan abin ya faru dab da tashi kuma matuƙi bai yi saurin riƙe shi ba, jirgin yana iya kifewa, kamar yadda aka gani a Antigua. Irin injin ma abin dubawa ne. Islander yawanci injin fetur mai fistin gare shi, dangin na mota. Twin Otter da Caravan suna da injin kananzir ƙirar PT6 na Kanada, wanda sassansa masu motsi suka fi kaɗan kuma ya fi wuyar mutuwa. Wannan amincin ne ya sa Turai ta yarda a 2017 a riƙa ɗaukar fasinja da irin wannan inji guda ɗaya ko da dare ko cikin gajimare, bisa sharuɗɗa. Amma wuyar mutuwa ba rashin mutuwa ba ne. A Disamba 2013 injin wani Caravan ya tsaya jim kaɗan bayan tashi daga Kalaupapa a tsibirin Molokai na Hawai, matuƙin ya sauka a ruwa, mutum tara duka suka fito. A jerina Twin Otter mai matuƙa biyu ne a sama. Caravan da Islander suna biye kusa da juna, abin da zai raba su shi ne faɗin ruwan da za a ƙetare da kuma halin kamfanin. Ƙaramin jirgi mai injin fetur guda ɗaya a kan teku mai faɗi shi ne a ƙasa.

Labarin Kalaupapa bai ƙare a fitowa ba. Ɗaya daga cikin fasinjojin, Loretta Fuddy, shugabar ma'aikatar lafiya ta Hawai, ta rasu a cikin ruwa suna jiran ceto. Bincike ya nuna rigar ceton da ta saka ta jarirai ce, kuma ɓangare ɗaya kawai ya hura. Fasinjoji sun ce ba a yi musu bayanin kariya kafin tashi ba. Minti biyu na bayani da an yi, da kowa ya san inda rigarsa take da yadda ake ɗaura ta. Idan matuƙi bai yi bayani ba, ka tambaya, ka sa hannu ka taɓa rigar, ka ga yadda ƙofar da ke kusa da kai ke buɗewa. Kada kuma a hura rigar sai an fita. A 1996, lokacin da jirgin Habasha da aka yi fashinsa ya faɗa ruwa kusa da Komoros, mutum 125 cikin 175 suka rasu, kuma da yawa sun hura rigunansu tun a ciki, ruwa ya ɗaga su ya manne su da rufi suka kasa kaiwa ƙofa.

Jirgi mai sauka a kan ruwa, wanda ƙafafunsa kamar kwale-kwale biyu ne, mutane suna ɗauka shi ne mafi aminci tunda teku duk fili ne a wurinsa. A lafiyayyen ruwa haka ne, amma igiyar tsakiyar teku tana iya karya shi, ruwan da ya kwanta lumui kamar madubi kuma yana ruɗin ido wajen sauka. Idan ya kife, a juye yake tsayawa, mutane suna rataye da bel cikin duhu. A tsibirin Saturna na Kanada, a Nuwamba 2009, mutum shida cikin takwas sun rasu a irin wannan jirgi, kuma nutsewa ce ta kashe su bayan ƙofofi biyu sun maƙale. A Maldives, inda ake yawan amfani da waɗannan jirage, da rana kawai suke aiki kuma matuƙa biyu ne a gaba. Irin wannan tsarin zan hau. Idan akwai jirgi mai taya zuwa wuri ɗaya, shi zan fifita, musamman idan ina tare da yara ko tsoho.

Lokacin tashi yana iya rinjayar duk abin da na faɗa a sama. Ranar 28 ga Oktoba, 1989, wani Twin Otter na Aloha IslandAir ya taso daga Maui zuwa Molokai da dare, ya shiga gajimare alhali da ido ake tuƙin, ya daki dutse, mutum 20 suka rasu. Jirgin lafiyarsa ƙalau, injunansa biyu suna aiki. A Nuwamba 2009 wani jirgin ɗaukar marasa lafiya daga Samoa ya isa tsibirin Norfolk na Ostareliya da dare ya tarar gajimare ya rufe filin. Ya gwada sauka sau huɗu bai ga titi ba, man zuwa wani tsibiri kuma babu, dole ya sauka a teku. Mutum shidan sun tsira, kuma abin da ya nuna wa masu ceto inda suke shi ne hasken 'yar tocilan da matuƙin ke riƙe da ita. A yawancin tsibiran wurare masu zafi iska ta fi kwanciya da safe, hadari ya fi haɗuwa da yamma, don haka tashin safe ya fi. Tashin ƙarshe na yini shi ne wanda kowa ke matsa wa ya tafi, don ba mai son kwana. Kamfanin da ya soke tashi saboda yanayi, ko da ka ga rana tana haskawa a inda kake, ya ƙara daraja a idona. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai jirgin fito. Yana da abubuwan da jirgin sama ba zai taɓa ba ka ba. Yana ɗaukar kaya masu nauyi, kuɗinsa ya fi sauƙi, idan injinsa ya mutu yakan ci gaba da yawo a kan ruwa, kuma idan matsala ta taso akan sami lokacin saka riga da sauke kwale-kwalen ceto. Babban jirgin fito na ƙarfe, a ƙasar da hukuma ke ƙirga fasinja kuma take hana fita idan teku ya tashi, yana cikin hanyoyin tafiya mafi aminci da ake da su. A gajeriyar hanya irin ta Tahiti da Moorea, ni shi zan hau ba tare da dogon tunani ba, domin ribar minti talatin ba ta kai a hau sama ba.

Inda sa ido ya yi rauni kuwa, asarar jirgin ruwa ba ta misaltuwa da ta ƙaramin jirgin sama. A Satumba 2011 jirgin Spice Islander ya kife tsakanin Unguja da Pemba a Zanzibar saboda lodin mutane da kaya, rahoton gwamnati ya lissafa fiye da mutum 1,500 da suka mutu ko suka ɓace. A Janairu 2018 jirgin katako mai suna Butiraoi ya bar tsibirin Nonouti na Kiribati da mutum 102, ya tarwatse a teku, bakwai kaɗai aka samu da rai. Ba shi da izinin ɗaukar fasinja a wannan hanya, babu saƙon neman agaji da ya fita, kuma sai da aka yi kwana takwas kafin a fara nemansa, mutane suna ta mutuwa da ƙishirwa a kan ruwa. Wannan jinkirin yana nuna wani bambanci da ba a cika lura da shi ba. Jirgin sama idan ya makara da rabin awa an riga an fara tambaya, ƙaramin jirgin ruwa a wasu wurare yana iya ɓacewa kwana da kwanaki babu wanda ya sani. Princess Ashika ma, wanda aka ƙera a Japan a 1972, hukumar binciken Tonga ta tabbatar bai cancanci shiga teku ba tun kafin ya tashi.

Abin da ya sauƙaƙa wa fasinjan ruwa shi ne aibin jirginsa a fili yake. Akwai layin lodi da aka zana a jikin jirgi, idan ruwa ya rufe shi an wuce iyaka. Idan jirgi ya karkata tun yana tasha, idan mutane sun cika hanyoyin wucewa, idan ba a rubuta sunan kowa ba, idan rigunan ceto suna kulle ko ba a ga inda suke ba, idan tsatsa ta huda dabe, duk wannan ido yana gani, kuma mutum yana da damar sauka kafin a kwance igiya. Kwale-kwale mai inji, buɗaɗɗe, wanda zai ƙetare ruwan da ba a hango tudu, matsayinsa ɗaya da jirgin kabu-kabu a wurina, ko ma ƙasa da haka idan ba shi da rediyo da na'urar kiran ceto mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam.

Ga yadda nake yanke nawa hukuncin. Idan tafiyar ruwa ba ta wuce awa ɗaya ko biyu ba, jirgin babba ne kuma ana ƙirga mutane, ruwa zan bi. Idan tafiyar ruwa ta kwana ce a buɗaɗɗen teku, ko jirgin tsoho ne mai cunkoso, jirgin sama mai jadawali zan nema, na safe, kuma zan fi son mai injin kananzir da matuƙa biyu. Shata sai in babu jadawali, bayan na ga takarda kuma an auna kayana. Mai ciki da ta kusa haihuwa, ko mara lafiyar da jijjigar awanni za ta galabaita, sama ta fi musu ko da akwai jirgin fito mai kyau. Mai kaya da yawa ya tura kayan ta ruwa ya bi sama da 'yar jakarsa, maimakon ya tsaya yana roƙon a cusa masa akwati a wutsiya. Wanda ya yi nutso da tulun iska a bayansa kuma ya jira aƙalla awa 18 zuwa yini guda kafin ya hau jirgin sama, ko ya bi ruwa.

Duk wannan lissafin yana rushewa idan mutum ya matse wa kansa lokaci, domin wanda babban jirginsa zai tashi gobe da safe shi ne ke amsa tayin kabu-kabu da yamma, shi ne kuma ke hawa kwale-kwalen da ya ga ya cika. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun wajen sayen tikiti ake barin sarari. Idan jirgin komawarka zai tashi daga babban tsibiri ranar Asabar, ka baro ƙaramin tsibirin ranar Alhamis da safe. In an soke na Alhamis kana da Juma'a, in na Juma'a ma bai tashi ba akwai sauran lokacin bin jirgin fito.